Motar da Ba Ta Taɓa Shan Ruwan Sama Ba

Ku matso kusa, 'yan uwana mata, har da mazan nan da ke leƙe suna cewa su ba sa karanta irin wannan. Ni ce dai Twila, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana wanke kan matan garin nan tana naɗe musu gashi, har ta kai babu gidan da ban san abin da ke ƙarƙashin gadonsa ba. Karatuna bai yi nisa ba, don haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye da ruwa.

Ga wanda yau ya shigo: shekarata saba'in ba ɗaya, mijina Burl ya daɗe da rasuwa, kuma Harlan Stidham, tsohon mai kantin magani, dikin a cocinmu, ya tsaya a barandata da hula a hannu ya ce yana so in aure shi. Na ce ya ba ni lokaci. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba, saboda 'yata Rhonda.

"Mama, kin ba shi amsa?"

"Mama, mutumin kirki ne. Gidansa ba bene, gwiwarki za ta huta."

"Mama, shi zai riƙa kai ki ko'ina. Sai ki ajiye tuƙin nan hankalina ya kwanta."

Kun ji inda gizo ke saƙa. Tun da na ɗan goga akwatin wasiƙun maƙwabcina da bayan tsohuwar a-kori-kurar Burl, yarinyar nan take farautar makullina. Alhali akwatin ne aka kafa a inda bai dace ba, kowa ya sani.

Kar ku ɗauka ba na son Harlan. Ina son sa, har kunyar kaina nake ji. Mutum ne da zai zauna ya fere miki tuffa a hankali, ɓawon bai tsinke ba, ya miƙo miki a kan wuƙa. In na yi barkwanci sai an wuce wurin yake dariya, shi kaɗai, yana girgiza kai. Abin da ya tsaya min a wuya garejinsa ne.

Garejin nan ya fi falona tsabta. Akwai darduma a ƙasa, akwai na'urar da ke tsotse danshin iska, kuma a tsakiya ga motarsa Corvette ja ta shekarar sittin da uku, an lulluɓe ta da mayafi mai laushi kamar na jariri. A nan yankinmu na Kentucky, inda ake ƙera su a Bowling Green, kowane dattijo da ya ajiye aiki yana da tasa ko yana mafarkinta. Amma ta Harlan ba ta taɓa shan ruwan sama ba tun da ya saye ta. Da alfahari yake faɗa, kamar mai cewa 'yarsa ba ta taɓa fita zance ba. Kafin ya gayyace ki yawo a cikinta sai ya duba yanayin sama a waya, ya fito ya dubi gabas, ya koma ya sake duba wayar.

Marigayiya matarsa Imogene a kujerata take gyaran gashi. Wata rana, kanta cikin kwanon wanki, idonta a rufe, ta ce min ko gyaɗa ba ta taɓa ci a motar nan ba, kuma in hadari ya haɗu a gida suke wuni. Ba da ƙorafi ta faɗa ba. Shi ya sa maganar ta zauna min.

Na kai zancen wurin ƙawata Opal, wadda in kina so magana ta zaga gari kafin la'asar sai ki ce mata sirri ne. Ta kurɓi shayinta mai ƙanƙara ta ce, "Aure shi mana, ƙawata. Ya lulluɓe ki da mayafi, ranar Lahadi ya yaye ya ɗan ɗumama injin, ya mayar ya rufe."

Na yi dariya har da tari. Da na koma gida kuwa ban yi ba.

Washegari na kira Harlan na ce ina so in sayi Corvette tawa ta kaina, ta hannu, kuma ina so ya raka ni dubawa. Can ya ce, da wata murya kamar an ba shi albishir ɗin haihuwa, "Mis Twila, zubi na nawa kike so?"

Haka suke magana. Motar nan zubi takwas aka yi mata tun farkonta, kuma mazan nan sun haddace su fiye da sunayen jikokinsu.

Ya zo min cikin kayan aikinsu: farin takalmin gudu wanda bai taɓa gudu ba, gajeren wandon jins, riga a cushe cikin wando, waya a ɗamare a ƙugu. Ni kuwa na sa rigata mai furen rawaya da jan baki. A a-kori-kura muka tafi, ni ke tuƙi, shi yana wa'azi. Abin da bai sani ba, duk zubin da ya ambata ni ma na san shi, ta wata hanyar.

Ya ce ta farko a hamsin da uku ta fito, duk farare, cikinsu ja, kyau kamar amarya amma injin ba ƙarfi. Na ce na sani, likitan dabbobin garinmu ya yi irinta daga baya, kuma shi ma haka matarsa take faɗa a kansa.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce zubi na biyu shi ne sarauta, kuma tasa ta shekarar farko ce, mai gilashin baya tsage gida biyu. Shekara ɗaya tak aka yi haka aka daina, saboda mutane sun ce sandar tsakiyar tana hana su ganin baya. Wasu ma har yanke sandar suka yi suka sa gilashi ɗaya, yau suna cizon yatsa. Ya faɗi wannan da hannu a ƙirji kamar mai ta'aziyya.

Zubi na uku, in ji shi, mai siririn ƙugu kamar kwalbar lemo, ita ta fi daɗewa, amma a tsakiyar shekarun saba'in aka rage mata ƙarfi, sai kyau ya fi gudu yawa. Na ce ai gudunta ya isa, tunda a irinta ɗan fasto Ledford ya gudu da matar mai gidan mai, kuma har yau ba a kamo su ba.

"Mis Twila," ya ce, "tarihi nake ba ki."

"Ni ma shi nake ba ka."

Sai da muka wuce gonaki biyu sannan ya yi dariyar.

Ta huɗu, wai, allon gabanta duk lambobi masu haske kamar agogon tanda, kuma shiga cikinta sai ka tsallake dakali. Ta biyar ita ce ta ƙarshe mai fitilu masu buɗe ido su rufe. Da aka zo ta shida aka bar fitilun a waje, dattawa suka yi fushi. Ta bakwai aka canza jajayen fitilun baya masu zagaye, suka sake fushi. Ta takwas kuwa aka ɗauke injin daga gaba aka mayar bayan direba, nan kam wasu har suka daina gaisawa. Na tambaye shi ko akwai zubin da ya fito ba su yi fushi ba. Ya yi tunani da gaske, ya ce babu, amma daga baya duk sukan saya.

Wurin farko shi ya zaɓa. Wani mai sayar da inshora ne, da baƙar mota zubi na shida wadda kusan ba ta taka titi ba. Mutumin ya sa na cire takalmi kafin in shiga, ya shimfiɗa tawul a kujera, ya ce kar zobena ya taɓa ƙofa. Cikinta wari yake irin na ɗakin baƙi da aka daɗe ba a buɗe ba. Da na ce zan ɗan zaga da ita, ya dubi sama, ya ce akwai alamun gajimare.

Harlan ya durƙusa ya danna taya da babban yatsa, ya haska ƙarƙashi da tocila, ya ga ɗan ɗigon mai a kan kwali. Ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce kyau kam akwai, amma tayoyin sun ƙandare, robobin ciki sun bushe. "Mota in ba a hawanta, Mis Twila, daga ciki take lalacewa. Zama ya fi tafiya cinye ta."

Na dube shi. Na daɗe ina dubansa. Bawan Allah bai ma san abin da bakinsa ya faɗa ba, yana ta goge gwiwar wandonsa.

Wuri na biyu ni na samo, ta bakin wata da nake yi wa gashi a da. Sunan mai motar Geneva, tsohuwar mai raba wasiƙu, gajeriya, da sandar dogarawa da murya kamar ta namiji. Motarta rawaya ce, zubi na biyar, a waje take ƙarƙashin bishiya. Hancinta duk tabon tsakuwa, kujerar direba ta lotsa, gashin kare ko'ina. Geneva ta ce ta kai ta tekun gabas, ta kai ta na yamma, ta kwana a cikinta sau ɗaya a Texas saboda taurin kai. Ƙugunta ne aka yi wa aiki, yanzu in ta zauna ƙasa haka sai an kira maƙwabta su ciro ta.

Harlan ya ga tabon nan ya runtse ido. Amma mutum ne mai gaskiya, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya kwanta rigingine a kan ciyawa da farin takalminsa ya leƙa ƙasa, don jikin motocin nan ba ƙarfe ba ne, ba ya tsatsa, komai tsufansu sai su yi ta ƙyalli suna yaudarar mutum. A ƙarƙashi gaskiya take. Ya daɗe a can. Ya fito da ganye a gashi ya ce, kamar ana cire masa haƙori, lafiyarta ƙalau, ta ma fi baƙar lafiya. Sai dai ta sha hanya.

"Ni ma na sha," na ce. "Ba ni makulli, 'yar uwa."

Geneva ta koya min shiga: ki juya baya, ki saki mazaunai su faɗa, sannan ki jawo ƙafafu. Fita kuwa, in ji ta, tsakaninki da Ubangijinki. Na murza makulli, abin nan ya yi gurnani har cikin haƙarƙarina. Na taɓa wani maɓalli, fitilu suka ɗago daga hanci, tar, kamar idon Opal in ta ji an ce wance ta bar gidan miji. Nan take na san tawa ce.

Da muka hau babban titi na ɗan taka. Kaɗan fa. Jakata ta tashi daga cinyar Harlan ta koma baya, shi kuma ya kama ƙofa da hannu biyu yana karanta Zabura. Ni kuwa wata dariya ce ta fito min wadda rabona da ita tun Burl na da rai.

Bayan mun daidaita, Geneva ta shafa rufin motar kamar mai sallamar 'ya. Ta ce abu ɗaya take roƙo. In na haɗu da 'yar uwarta a hanya, sabuwa ko tsohuwa, ta mai kuɗi ko ta talaka, in ɗaga hannu. Haka ake yi tun zubin farko. "Wanda bai ɗaga miki ba, ki ƙyale shi. Ba direba ba ne, mai gadi ne."

A ƙofar gidana Harlan ya tsaya yana murza hula, ya ce ba ya son matsa min, amma maganar nan tasa fa.

Na ce, "Ranar Asabar da rana, gidan abincin Dot, tsallaken kogi. Ni zan zo a tawa. Kai ka zo a jar nan mai tsagaggen gilashi. A can za ka ji amsa."

Hannunsa ya tafi ƙugu zai zaro waya. Na dafe hannun. Na ce ba dubawa, dikin, ka ce to kawai. Ya ce to.

Ni na riga na duba. Ruwa aka ce, kamar da bakin ƙwarya.

Rhonda ban gaya mata komai ba. Na tura rawayar cikin gareji na rufe, na bar a-kori-kura a waje tana gadin mutuncina. Opal kaɗai na gaya wa, na ce sirri ne.

Asabar ta waye baƙi ƙirin. Na naɗe gashina, na fesa masa abin da ko guguwa ba ta motsa shi, na sa shuɗiyar rigar da na ɗinka don bikin Rhonda wadda har yanzu take shiga in na riƙe numfashi, da 'yan kunnen lu'ulu'un uwata. Ina sa jan baki saƙo ya shigo.

"Mis Twila, kin ga sama?"

"Na gani. Kyakkyawa."

"Ko mu ɗaga zuwa Lahadi?"

"Lahadi ta Ubangiji ce. Amsata kuma ba ta kwana."

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Daga nan shiru.

Da na isa wurin Dot, na tarar da rabin ƙungiyar matan coci a teburan bakin taga, kowacce wai ta zo cin kek ne kawai. Opal a tsakiya, waya a hannu. Na zauna na sa aka kawo min kofi, na yi ta fara'a kamar ba komai. Ruwa yana ta zuba. Kofi ya huce, aka ƙara, ya sake hucewa. Wata mota ruwan toka irin wadda yake zuwa kasuwa da ita ta shigo, na ce shi ke nan, don in a ita ya zo to ya zo ne a ce masa a'a. Ashe wani ne daban.

Gaskiya zan faɗa muku, a nan wasan ya daina min daɗi. Na fara tunanin tuffar nan da ake ferewa, da barandata da yamma ba kowa. Na ce a raina, Twila, kin ɗaure tsoho da igiyar da ba zai iya tsinkewa ba, ga shi kin rasa. Matan suka daina kallon taga suka koma kallona, irin kallon tausayin nan da ya fi zagi ciwo. Na sa Dot ta ƙunsa min soyayyiyar kaza a takarda, na ce gida zan tafi, na fita kaina a sama.

A kan gadar kogi na hango ta.

Wani jan abu ne yake tahowa a hankali kamar mai bin gawa, motoci sun yi layi a bayansa suna ta hon. Robar share gilashinta, wadda ba ta taɓa aiki ba tun da ya saye ta, ta yage tana lilo kamar igiyar takalmi. Don haka direban ya sauke gilashin gefe ya leƙo da kai waje, ruwa na dukan fuskarsa, hula ta tafi, 'yan gashin da suka rage sun manne a goshi. Laka har ƙofa.

Na ɗaga fitiluna, tar. Da muka zo daf da juna, Harlan Stidham ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya ɗaga min.

Na ɗaga masa. Na ɗaga har da jijjigawa.

Yadda na juya motar nan a ƙarshen gada, kar ku gaya wa Rhonda.

A filin ajiye motoci na Dot na tsaya kusa da shi, na yi addu'a na fito, na zaga na buɗe ƙofarsa ta gefe na faɗa ciki da jiƙaƙƙen takalmina da ƙunshin kaza. Ban cire komai ba, ban shimfiɗa komai ba. Ruwa na ɗiga daga gefen gilashi a kan kafaɗarsa. Ya ce ya daɗe a gareji da makulli a hannu, ya yaye mayafin ya mayar, ya sake yayewa.

Na buɗe takardar a kan cinyata. Ƙamshin mai ya cika motar. Ya dubi kazar, ya dubi kujerar fatar da yake shafa wa mai da auduga, ya dube ni.

"Imogene ta taɓa cewa mu je bakin tafki ana yayyafi," ya ce a hankali. "Na ce mata wani lokaci."

Na miƙa masa cinyar kaza. Ya karɓa da yatsu, ya gatsa, ɓarɓashi ya zubo a kan darduma, ya bi shi da ido har ƙasa, bai sunkuya ba.

"To, Mis Twila?"

"Na yarda. Amma makullina a jakata yake kwana."

"Na ji."

"Kuma ba a lulluɓe ni."

"Ita rawayar fa? Akwai wuri a gareji."

"Ita ma."

Can sai ga dariyar ta zo, a makare kamar kullum, har yana share ido da bayan hannu mai maiƙo. Ta cikin tsagaggen gilashin baya na hango tagar Dot cike da fuskoki, gida biyu, Opal na ɗaukar hoto da hannu ɗaya tana buga waya da ɗayan.

Ashe ba ƙungiyar mata kaɗai ta kira ba.

Ba mu gama kazar ba sai ga doguwar motar kai yara makaranta, fara, ta shigo filin da gudu ta tsaya tsakanin ja da rawaya. Na san lotsawar da ke gefenta, don ni na yi ta bara, ita ma ba laifina ba ne. Rhonda ce a ciki. Ta dubi rawayar, ta dubi jakata da na bari a kan kujerarta, sannan ta juyo ta dube ni a motar namiji da ƙashin kaza a hannu.

Na tuna wasiyyar Geneva. Na ɗaga mata hannu.

Ba ta ɗaga ba. Ta buɗe ƙofa ta fito cikin ruwan nan ko lema babu, ta nufo mu.

Harlan ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce, "In tayar da injin?"

Na ce, "Bari in gama fiffiken nan tukuna, angona. Kai dai ka sa ƙafa kusa da totur."